Yadda Gwaggo ta buga littafin girkinta da kuɗin adashe

Gwaggona, yayar mahaifina, malamar firamare ce da ta yi ritaya, tana zaune a unguwar Bagalam nan cikin Maraɗi. Shekarun da ta yi tana riƙe da alli ba su fito da sunanta kamar yadda muciya ta fito da shi ba. In buki ya taso a dangi, ko suna, ko walimar sauka, ita ake danƙa wa tukunya. Tun tana aiki take rubuta girke-girke a kaye irin na ƴan lakwal, har ta cika guda uku, rabi da Faransanci rabi da Hausa, wani wurin ma layi ɗaya ya haɗa harsunan biyu.

A 2024 ta mai da waɗannan kaye littafi, da kuɗinta, babu wani kamfanin wallafa da ya sa hannu. Ni na buga mata rubutun a kwamfuta, ni na yi zirga-zirgar Kano, saboda haka cikin kurakuran da za a gani nan akwai nawa, kuma ba kaɗan ba. Mata da yawa sun tambaye ta yadda aka yi, ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Allah ne ya yi." Gaskiya ne, sai dai mai son bin sawunta tana bukatar ƙarin bayani.

Jikarta ce mafarin abin. An kai ta aure Yamai, kusan kullum sai ta kira: "Kaka, ɗanwakena ya narke a tukunya." Gwaggo takan ce, "Kishiya, da haka za ki riƙe mini miji?" sannan ta ɗauki murya ta aika mata ta WhatsApp. Yarinyar ta riƙa tura wa ƙawayenta. Wata rana muryar Gwaggo ta dawo wayarta daga wani rukunin matan Damagaram, an liƙa mata sunan wata mai girki can daban. Ba ta yi faɗa ba. Washegari ta aiko a kira ni, na iske kaye ukun nan bisa tabarma.

Da wane harshe

Ni na so a yi da Faransanci. Hujjata ita ce masu kuɗin sayen littafi ma'aikata ne, su kuwa da Faransanci suka yi karatu. Gwaggo ta ce in fassara mata "talge" da "sulala" da "kirɓi" tukuna. Na yi ta kewaye-kewaye, kowace kalma sai ta ci layi biyu, kuma ba ta fito ba. Aka tsaya kan Hausa.

Daga baya na gane ta fi ni sanin masu karatunta. Galibin matan da ke karanta Hausar boko a garin nan ba a lakwal suka koya ba. A littattafan labarai na Kano suka koya, da ajin yaƙi da jahilci, da saƙonnin waya. Wannan ya jawo wata matsalar: idonsu ya saba da Hausar Kano, bakinsu kuwa ta Maraɗi yake yi. Mu hatsi muke cewa, su gero. Mu gujiya, su gyaɗa. Guro da kuɓewa, tonka da barkono, sure da yakuwa, duk haka. Gwaggo ta ƙi sauka daga Hausar gidansu, ta ce ba ta tsufa a Katsinar Maraɗi ba sannan ta ari bakin wasu. Aka bar kalmominmu a cikin girki, aka ware shafi biyu a ƙarshe inda aka jera kowace kalma da takwararta ta Kano da ta Faransanci. Lokacin ma ba a kai ga dokar Maris 2025 da ta mai da Hausa harshen ƙasa ba, don haka ba iskar siyasa ta bi ba.

Awo

Nan aikin ya tsaya, ya ci fiye da shekara. Da na fara bugawa na ɗauka wata biyu sun isa, tunda komai a rubuce yake. Ashe abin da ke cikin kaye tunatarwa ce ga wadda ta riga ta iya. Ga yadda ta rubuta ɗanwake: "Ki samu garin wake da na rogo daidai, ki sa kuka da kanwa, ki kwaɓa yadda ya kamata." Na ce, "Gwaggo, daidai ɗin nan nawa ne?" Ta dube ni kamar na tambaye ta nawa ne numfashi. Ta ce, "Ɗana, hannu ne ke sani."

Inda ta sa adadi ma, da kuɗi ta sa: daudawa ta dala biyar, tattasai na dala ashirin. Dala dai tana nan sefa 5 kamar jiya, amma abin da dala biyar ke saye lokacin da aka cika kaye na farko ba shi take saye yau ba, kuma na kasuwar Maraɗi ba na Agadas ba ne. Duk irin wannan awo sai da aka soke shi.

Sikeli ba shi cikin lissafi, don ba mu san gidan da ake auna gari da giram kafin a tuƙa tuwo ba. Tiya kuwa ta yi yawa ga amaryar da ke girkin mutum biyu, kuma tiyar wata mai awo ba ta wata ba ce, balle a zo ga batun tozo. Muka zauna muka nemi abin da ke kowane gida kuma girmansa bai canzawa. Aka samu uku: ƙaramin gwangwanin tumatir mai giram 70, cokalin cin shinkafa, da gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Aka ɗauki hotonsu aka sa a shafin farko, aka rubuta ƙarƙashi cewa duk inda aka ce gwangwani, a shafe bakinsa ake nufi, ba da tozo ba.

Sai aka koma bakin murhu. Gwaggo na girki kamar yadda ta saba, ni ina tsugune gefe. In ta ɗebo gari da hannu sai in tare da kwano in auna kafin ya shiga tukunya. Ranar farko ta kusa kora ta da muciya. Kowane girki sai da aka yi shi haka sau biyu ko uku, domin hannun nata ma ba kullum yake ɗebo abu ɗaya ba, yana duban laushin garin da ke gabansa ne ya rage ko ya ƙara, ita kanta ba ta san tana yi ba.

Kanwa ta fi komai ba mu wahala. Ƙarfinta ya bambanta: ungurnu daban, jar kanwa daban, fara daban, har cikin iri ɗaya wani dunƙule ya fi wani. In ta yi yawa abinci ya yi bauri ya canza kama, ciki kuma ya ɗauka. In ta yi kaɗan wake ya ƙi nuna, miyar guro ta ƙi yauƙi. Dabarar da aka tsaya a kai ita ce a daina auna dunƙulen. A jiƙa kanwa a gora ta kwana, a tsiyaye ruwan sama, shi za a riƙa aunawa da cokali, kuma a fara da kaɗan.

Lokaci ma haka. Ƙullun waina da ke tashi cikin ƴan awoyi a zafin Afrilu, a sanyin Janairu sai ya kwana bai motsa ba. Wutar itace ba ta gawayi ba ce, ta gawayi ba ta gas ba ce. Sai Gwaggo ta ce a rubuta alama, minti ya biyo baya. Ga yadda ɗanwaken ya koma: "Kada ki jefa duka. Jefa guda ɗaya tukuna cikin ruwan da ke tafasa. In ya taso sama a dunƙule, ci gaba. In ya watse, ƙara kuka. In kin latsa kin ji tauri, sassauta kwaɓin da ruwa." A ganina wannan sakin layi ya fi duk hotunan littafin daraja, kuma ba mai rubuta shi sai wadda ta ɓata ɗanwake da yawa a ƙuruciyarta.

Da aka gama, aka raba takardu ga mutum uku su gwada: jikar nan ta Yamai mai girki da gas, wata amarya maƙwabciya mai murhun gawayi, da wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wanda in ban da taliya ba abin da ya iya. Sharaɗi ɗaya aka gindaya musu: ba kiran waya, abin da takarda ta ce shi za a bi. Ɗalibin ne ya fi amfani, don shi bai da ilmin da zai cike giɓi da shi. Shi ya gano ba a faɗi a tankaɗe gari ba a girkin tuwo, ba a kuma faɗi cewa dambu sau biyu ake turara shi ba, na farko tsakin kaɗai, na biyu bayan an haɗa zogale da albasa. Gwaggo ta ce wannan ai ko yaro ya sani. Ga yaron kuwa bai sani ba.

Duk girkin da ya faɗi sau biyu a hannun masu gwaji, ko a sake rubuta shi ko a cire. Daga sittin da ƴan kai aka dawo 42. Kilishi ya fita, don aikin wuƙa ne na mahauta, takarda ba ta koyar da shi. Alkaki sai da aka sake shi sau huɗu, Gwaggo ta ce ko zai kai sau goma ba za a cire ba, littafin da ba alkaki da nakiya ba zai shiga gidan amarya ba. Ban ɗauki maganar da nauyi ba a lokacin.

Hoto, takarda, da kan iyaka

Na yi mafarkin kowane girki da hotonsa mai launi. Mai maɗaba'a ya farkar da ni. Baƙin rubutu farantin bugu ɗaya yake ci, hoto mai launi huɗu, kuma yana son takarda mai sheƙi. Ga shi hotunan da na tara ta WhatsApp aka turo su, manhajar ta matse su, a waya suna da kyau, a takarda sai su fashe. Aka sake ɗauka da hasken safiya a tsakar gida, aka kwashe kai tsaye daga wayar. Aka tara masu launin a shafi 8 tsakiyar littafi, saura baƙi da fari.

Ya kuma koya mini cewa babbar takarda ake bugawa a naɗe, kowace ta ba da shafi 16 a girman A5, don haka littafin ya tsaya a 96, ba 90 ba, ba 100 ba. Takarda mai giram 80 muka ɗauka maimakon 60, saboda hannu mai maiƙo ne zai riƙa buɗe ta. Bango aka sa masa leda. Waɗannan biyun ba mu yi da-na-sani ba.

An tambayi farashi nan Maraɗi, an tambaya Yamai, an tambaya Kano. Kano ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, sefa ta yi nauyi a hannun mai canji. Gwaggo ta shirya kwasar adashenta ta faɗo daidai, da niyyar littafi ya fito kafin azumi, lokacin da kowace mace ke neman abin da za ta sauya a buɗa-baki.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Aka rufe iyaka, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, aikin kwamfuta ya koma sai lokacin da aka samu. Mutane ba su daina ratsawa ta daji ba, amma Gwaggo ta ce ba za a bi da littafinta ta ɓarauniyar hanya ba. Ba a buɗe iyakar ba sai cikin Maris 2024, azumi ya riga ya kama. Kasuwar da aka yi wa shiri ta wuce, kuɗin adashen kuwa wata bakwai suna ajiye a gida, kowa ya san abin da ke samun kuɗin da ke ajiye a gidan da ake biki da rashin lafiya. Da aka tashi, kwafi 1,000 da aka yi niyya sun koma 500. Wannan ya ɗaga kuɗin kowane kwafi, domin farantan bugu da saita inji kuɗinsu ɗaya ne ko ɗari za a buga ko dubu.

Bayan ƙaramar salla na bi ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, na sauka Kano da rubutun a ƴar kile ta USB. Kuskurena mafi girma a nan yake: a Word na kai shi. Yaron da ke tsara shafi ya canza salon haruffa zuwa wanda ya fi masa kyau, shi kuwa salon ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Wasu suka koma akwatuna. Da ya ga haka sai ya bi su ya mai da su k da d da b, ya ce ai haka kowa ke rubutawa. Allah ya sa na nace sai an fitar mini da gwaji na karanta kafin a yi faranti. "Ƙara ruwa" ya zama "kara ruwa". A gabatarwa, inda Gwaggo ta gode wa ƙanwarta, sai ga ta tana gode wa kanwarta. A littafin da kanwa ke kowane shafi na uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ce, "Alhaji, ba za a buga haka ba." Ya ce, "Malam, mai karatu zai gane." Na kwana biyu ina gyara. Na sauko da Charis, salon haruffa na kyauta da ke da duk masu lanƙwasa, na mai da aikin PDF yadda ba mai iya taɓa shi. Sai kuma gardamar ƴ, wadda mu a Nijar haka muke rubutawa, su kuwa 'y. Wannan na ci, tunda mu ke biya.

Inda ban ci ba shi ne ɗauri. An ba ni zaɓi tsakanin gam da ɗinki, na ɗauki gam don araha. Littafin girki a buɗe ake ajiye shi, a danne da ludayi. Gam bai jure wannan ga zafin Maraɗi, kafin shekara wasu kwafin sun fara zubar da shafuka. Araha ba ta ado.

Sayarwa

Aka sa wa kowane kwafi jika biyu, wato sefa 2,000. Muka kai shagunan littattafai, inda kayan lakwal da littattafan addini suka cika kanta. Suka karɓa bisa sharaɗin sai an sayar a biya, kuma su cire kasonsu. Wata uku ba a sayar da ashirin ba. Mai shiga irin wannan shago uba ne da takardar kayan makaranta a hannu, ba ruwansa da miyar taushe.

A gefe guda kuma kyauta na cin kwali. Duk ƴar uwar da ta zo barka sai ta tafi da ɗaya, tsoffin abokan aiki, surukai, matar liman. Da na ƙirga sun kai saba'in. Ba laifin kowa ba ne, ba yadda za a yi Gwaggo ta miƙa wa ƙanwar mijinta littafi ta ce kawo jika biyu. Laifin lissafinmu ne da bai sa su ciki ba tun farko.

Abin da ya buɗe kasuwa ba mu muka shirya shi ba. Wata mata ta sayi ɗaya ta sa cikin kayan ɗakin ɗiyarta, bisa jeren kwanoni. Masu zuwa ganin ɗaki suka gani, aka yi ta tambaya. Cikin mako biyu uwayen amare uku suka aiko. Nan maganar alkaki ta dawo mini. Muka kwashe littattafan daga shagunan takardu muka kai wa masu sayar da kwanoni da tukwane a babbar kasuwa, da dillalai mata masu shiga gida-gida. Wurin foyandi, taron zumuncin mata, ma wata takan ɗauki goma ta raba, a biya ta a zama na gaba. Na nesa kuwa, Yamai da Tawa da Damagaram, a bas ake aika musu, kuɗi su zo ta kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana. Ashe mai saye daban, mai karatu daban: uwa ke biya, ɗiya ke buɗewa. Da mun san haka da bangon ma ba hoton tukunya za mu sa ba, da an yi shi yadda zai zauna cikin jere.

Ruwan da aka yi ƙarshen Agusta 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a garin nan, ya shiga ɗakin da muka ajiye kaya. Kwali biyu na ƙasa suka jiƙe, kwafi wajen sittin suka manne. Idan aka dubi abin da ya samu wasu, ba abin faɗi ba ne, amma a lissafin littafi giɓi ne. Tun ranar kwalaye bisa benci suke.

Shafukan kuma sun shiga waya, kamar yadda muryar ta shiga. An ba ta shawarar yin rajista da BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, shawara ce mai kyau ga ranar da wani zai buga littafin sukutum da sunansa. Amma mai ɗaukar hoton shafi ta tura wa ƙawarta, ba takardar da za ta tsai da ita. Abin da ya taimaka shi ne sunan Gwaggo da na littafin da na sa a ƙasan kowane shafi. Ita tana ganin wannan talla ce ta kyauta. Ni ina ganin rabi talla rabi asara, don wadda ta samu alkaki da dambu a waya ba lalle ta nemi sauran arba'in ba.

Lissafi

Daga 500, in aka cire kyauta da waɗanda ruwa ya ci, abin da aka sayar bai kai 370 ba, wasu ma da ragin dillalai. Farashin kuwa daga kuɗin maɗaba'a kaɗai muka ciro shi. Ba mu sa mota da masaukin Kano ba, ba mu sa kayan gwaji ba: buhun hatsi, wake, mai, zogalen Jiratawa, kifin Madarunfa da aka saya sau uku don miya ɗaya. Bayan shekara guda kuɗin adashen sun dawo, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In aka yi wa wahalarta kuɗi, faɗuwa aka yi. Jika biyu da rabi ya kamata a sa, kuma na tabbata uwar amaryar da ta sayi jeren kwanoni ba za ta tsaya kan dala ɗari ba.

Yanzu ana maganar bugu na biyu. An daidaita kan ɗinki, an daidaita kan farashi, za a ƙara kunun aya da aka manta, abin kunya ga littafin da ya fito daga jihar da ke noma aya. Gwaggo ta buɗe kaye na huɗu tana rubuta gyaran da masu karatu ke aikowa. Wanda ya fi yawa shi ne tambayar dunƙulen magi nawa za a sa, don ko sau ɗaya ba ta ambace shi ba, daudawa ce tun daga shafin farko har na ƙarshe. Na ce a ƙara layi guda saboda yaran yanzu. Ta ce wadda ke son magi ta san hanyar shago. Kwasar adashenta sai watan gobe, har yanzu layin bai shiga ba.